Imfiraji ta Aliyu Namangi: wa'azin da ke neman farin ciki

Duk wanda ya taɓa zaman jiran mota a tashar Maraɗi, ko ya ratsa Kasuwar Dole ta Damagaram da hantsi, da wuya a ce bai taɓa jin wani makaho da ɗan jagoransa suna rera baitocin Imfiraji ba. Da yawa sun san muryar waƙar, har sukan amsa ta a zuci, amma kaɗan ne suka san mai ita. Malam Aliyu Namangi mutumin ƙasar Zazzau ne, an haife shi a ƙarshen ƙarni na 19, ya makance tun yana ƙarami, ya yi karatun addini ta hanyar ji da hadda, ya rasu a 1990. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Cikin waƙoƙinsa akwai Nuniya da Waƙar Keke, sai dai babu wadda ta kai Imfiraji tafiya, wadda kamfanin NNPC na Zariya ya buga waƙoƙi tara nata da boko.

A aji, an saba gabatar da Imfiraji cikin jerin waƙoƙin wa'azi da suka biyo sawun na ƙarni na 19, irin su Baƙin Mari da Jan Mari, a ce jigonta tsoratarwa ne: mutuwa, kabari, hisabi, wuta. Wannan bayani yana da gaskiya, amma ya tsaya a rabin hanya. Wanda ya saurari waƙar da kyau zai tarar tsoron da ke cikinta bawa ne, aikinsa ya kora mai sauraro zuwa ƙofar rahamar Ubangiji, domin a can kaɗai mawaƙin ya ga farin cikin da mutuwa ba ta iya ƙwacewa. Abubuwa uku ke tabbatar da haka: sunan waƙar, da karinta, da amsa-amonta.

Sunan daga Larabci yake, daga tushen da ya ba da kalmar faraj, wato buɗi bayan ƙunci, yayewar baƙin ciki. Daga wannan tushe ne sunan Munfarija ya fito, ƙasidar Ibn Nahwi wanda ya rasu a 1119, wadda aka daɗe ana karantawa a lokacin tsanani. Mawaƙin da burinsa ya ƙare ga firgita mutane ba zai raɗa wa waƙarsa sunan sauƙi ba. Tun daga suna Namangi ya faɗi inda ya dosa, kamar matafiyin da ya ambaci garin da za shi kafin ya fara ba da labarin ƙayar hanya.

Kari ya ƙara fito da nufin. Namangi ya ɗora waƙarsa a kan amon caji, kiɗan nishaɗi wanda samari da ƴan mata ke rawa a kai. Malamin wa'azi na iya tsine wa irin wannan kiɗa ya wuce. Namangi ya yi abin da ya fi haka hikima: ya karɓi amon da jama'a suka riga suka so, ya zuba masa ambaton Allah da begen Annabi. Ya gane cewa ƙishin daɗi da ke kai mutum dandali ƙishi ne na gaske, rijiyar ce kawai ba ta da zurfi. Shi ya sa mai sauraro kan tsinci kansa yana kaɗa kai a daidai baitin da ke maganar likkafani, jikinsa na murna, kunnensa na jin gargaɗi. Wannan karo tsakanin amo da ma'ana shi ne gishirin waƙar.

Sai amsa-amo. Baitocin Imfiraji ƴan ƙwar biyar ne, kowane ɗango na biyar yana sauka a kan “ba”, wadda galibi ita ce “ba” ta korewa. Mawaƙin da ya ɗaure kansa da wannan harafi dole ya rufe kusan kowane tunani da abin da bai yiwu ba, ko bai dawwama ba, ko bai isa ba. Dukiya, sarauta, ƙuruciya, yawan dangi, kowanne yakan zo ya yi ɗango huɗu yana ƙawa, na biyar ya kore shi. Haka waƙar ke share fili baiti bayan baiti, kamar manomi da ke sassabe kafin saukar damina. Amma wannan “ba” ɗin takan juya fuska idan magana ta zo kan Ubangiji da Manzonsa: nan sai ta zama korewar yanke ƙauna, ta nuna wanda ya roƙa ba ya taɓewa. Harafi guda ya ɗauki nauyin tsoro da fata gaba ɗaya, fikafikai biyu da malaman tasawwufi ke cewa da su mumini ke tashi.

A nan rayuwar mawaƙin take da muhimmanci. Mutumin da bai san hasken rana ba tun yarinta, in ya ce ƙawar duniya ruɗi ce, mai gardama na iya cewa abin da bai samu ba ne yake kushewa. Namangi ya tsira daga wannan zargi domin muryarsa ba ta ɗaci ba ce. Akwai raha a cikinta, akwai zolaya, akwai sanin halin mutane na wanda ya daɗe yana saurarensu. Bugu da ƙari, yakan sa kansa cikin sahun masu roƙo, yana neman gafara kamar kowa. Farin cikin da yake bayyanawa na mabaraci ne da ya tabbata ƙofar da ya tsaya mai gidanta karimi ne, ya fara godiya tun sadaka ba ta fito ba. Alƙur'ani ma, a cikin Suratu Yunus, ya umarci mutane su yi murna da falalar Allah da rahamarsa, ya fifita su a kan abin da ake tarawa.

Wannan ba ya nufin waƙar ta kuɓuta daga aibi. Tsawonta ya jawo maimaici, wani zubin kuma amsa-amo kan ja ma'ana da ƙarfi har jimla ta karkace. A wuraren da ya koma sukar halayen zamani, harshensa kan yi kaifi, musamman a kan mata, har rahamar da ya yi alkawari ta ja da baya. Malamin da ya ɓoye wa ɗalibai waɗannan wurare bai yi wa mawaƙin adalci ba, domin a inda ya yi rauni ne ake gane ƙarfinsa a sauran wurare.

Ga malaman kwaleji da lise da ke riƙe da Faransanci da Hausa tare, akwai darasi mai daɗi a nan. Albert Camus, a littafinsa na 1942 kan tatsuniyar Sisyphe, ya tsaya gaban tambaya guda da Namangi: me zai faranta ran wanda ya san zai mutu? Camus ya nemi amsar cikin taurin zuciyar mutum shi kaɗai, a ƙarƙashin sama da ba ta amsawa. Namangi ya neme ta cikin roƙo, domin a wurinsa akwai Mai ji. Ɗalibin da aka jera wa amsoshin biyu zai gane cewa makahon tasha yana rera falsafa ne, ba bara kawai yake ba.

Sai dai sharaɗin shi ne a ji waƙar da kunne. Imfiraji da aka kwafe a allo aka tsaga ta gida-gida, jigo nan salo can, ba ta bar wa ɗalibi kome sai tsoro, domin murnar tana cikin amo. Ƙungiyoyin al'adu na Tawa da Yamai da sauran garuruwa za su yi babban aiki in suka gayyato masu rera ta cikin zaurukansu, suka naɗi muryoyinsu, suka ba su ladan da ya dace da masu adana adabi.