Garaɓasa da La'ada a Shafukan Cacar Foka: Bitar Hujjojin Masu Tallata Ta

Gabatarwa

Foka wasan karta ne da ya bunƙasa a Amurka, ya koma intanet a ƙarshen shekarun 1990. Kasuwarsa ta buɗe sosai a 2003, lokacin da wani akawu, Chris Moneymaker, ya sami gurbi a gasar duniya ta Las Vegas ta hanyar wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars, ya kuma lashe dala miliyan 2.5. Tun daga nan masu tallata wasan suke kafa hujjoji uku: cewa ƙwarewa ce ke ci ba sa'a ba, cewa kamfani ɗan kallo ne kawai, da cewa garaɓasarsa kyauta ce. Wannan maƙala za ta auna hujjojin da ma'aunin lissafi da na fiƙihu.

La'ada

Gaskiya ne kamfani ba ya zama a tebur ya yi wasa da kowa. Abin da yake yi shi ne yankar la'ada daga kuɗin da aka tara a kowane zagaye, galibi kimanin kashi 5 cikin 100 har zuwa wani ƙayyadadden adadi, a gasa kuma yakan ɗora kusan kashi 10 a kan kuɗin shiga. A ƙaddara mutum goma sun zauna, kowa da dala 100, ana tara dala 20 a kowane zagaye, kamfani na ɗaukar dala 1. Bayan zagaye 500, rabin dukiyar da suka zo da ita ta bar teburin. Ke nan ko da ƙwarewarsu ɗaya ce, jimillarsu asara suka yi.

A nan hujjar ƙwarewa take raunana. Gwani ba ya cin riba sai ya fi abokan wasansa da tazarar da ta zarce la'ada, ribar tasa kuma daga aljihun marasa gwaninta take fitowa. A 2012 wani alƙalin tarayya a New York, Jack Weinstein, ya yarda cewa ƙwarewa ta rinjayi sa'a a wasan, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncinsa a 2013 bisa wani dalili na doka. A wajen fuƙaha'u kuwa tambayar ba ta rataya a kan rinjayen ba. Ƙimar shi ne kowane ɓangare ya sa dukiya alhali yana tsakanin ci da asara. Shari'a ta yi rangwamen sa lada a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, duk da haka jumhur sun hana ɓangarorin biyu su sa kuɗi haka kawai wanda ya ci ya kwashe. Idan an ƙuntata a inda nassi ya yi izini, to karta ta fi cancantar hani.

Garaɓasa

Mafi shaharar talla ita ce alkawarin ninka wa sabon shiga kuɗin da ya zuba. Sai dai ba a damƙa masa kuɗin nan take. Ana sakinsu kaɗan-kaɗan gwargwadon la'adar da ya biya, cikin wa'adi, abin da bai kai gare shi ba kuma ya wuce. Haka nan tsarin mayar wa ɗan wasa wani kaso na la'adarsa: wanda ya fi daɗewa a tebur shi ya fi samu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da kamfani yake saye da garaɓasa shi ne zaman ɗan wasa.

Hiba a fiƙihu mallakarwa ce ba da musaya ba. Malikiyya sun ba kyautar da aka yi don neman sakayya hukuncin ciniki, sakayyar da ake nema a nan kuwa ci gaba da caca ce. Gasar da ake shiga ba da ko sisi ba ita ce ta fi rikitar da ɗalibai, domin a zahiri babu dukiyar da aka sa. Amma ladanta yakan zama tikitin wata gasa ko kuɗi a asusun caca, don haka ƙa'idar toshe kafar ɓarna ta hau kanta.

Wa ke riƙe da sharuɗɗa?

A ƙarshen 2015 PokerStars ya sanar da rage ladan manyan 'yan wasansa daga farkon 2016, bayan da yawansu sun shafe shekara suna biyan la'ada don kai wa matakin. Sun ƙaurace wa shafin na kwana uku a watan Disamba, kamfanin bai janye ba. Kafin wannan, a ranar 15 ga Afrilu, 2011, hukumomin Amurka sun ƙwace adireshin manyan shafuka uku. Masu gabatar da ƙara sun bayyana cewa 'yan wasa na bin Full Tilt Poker kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce kimanin miliyan 60 ba. Yarjejeniyar da ɓangare ɗaya ke sauya sharuɗɗanta yadda ya so, kuma ɗayan bai san inda ajiyarsa take ba, ta tara garari a kan ƙimar.

Kammalawa

Aya ta 219 ta Suratul Baƙara ta tabbatar cewa maisir yana da wani amfani ga mutane, ta kuma hukunta cewa zunubinsa ya rinjaya, sannan aya ta 90 da ta 91 na Suratul Ma'ida suka umarci a nisance shi, suka ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga ambaton Allah da salla. Garaɓasa tana cikin wancan ɗan amfanin, la'ada kuwa ita ce take biyan kuɗinta. Ya kamata mai fatawa ya san yadda waɗannan tsare-tsare suke aiki, domin matashin da zai zo masa da tambaya ba zai ce caca yake yi ba, zai ce kyauta aka ba shi. Allah ne mafi sani.