Natsuwar Ɗan Kokowa, Ilimin da Laya ke Karɓe wa Yabo

Da zarar hatsi ya shiga rumbu a Maijirgi da ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, sai samari su koma fagen kokowa. Mai kallo daga nesa ƙarfi kawai yake gani. Wanda ya zauna bakin fage kuwa ya san yawancin karawar ana yin ta ne kafin a kama juna: an duƙa, gwiwa a lanƙwashe, yatsun ƙafa sun nutse cikin rairayi, hannu yana taɓa kafaɗa yana janyewa. Kowa yana neman jin inda ɗan'uwansa ya jingina nauyinsa, alhali bai manta da inda nasa yake ba. Wanda hankalinsa ya tafi wurin kirari ko ihun 'yan garinsu, shi zai sha ƙasa.

Wannan natsuwa ce masu horar da mutum ɗai-ɗai a Turai da Amurka suke karɓar kuɗi don koyarwa: ka san yadda kake tsaye, ka ji numfashinka, hankalinka ya zauna inda jikinka yake. Moshe Feldenkrais, wanda littafinsa kan farkar da hankali ta hanyar motsi ya fito a 1972, gwanin judo ne. Wato daga irin fagen nan iliminsa ya tsiro, sai dai shi ya rubuta.

A nan ba a rubutawa, ba ma a cika faɗa ba. Tsohon ɗan kokowa zai ture yaro sau da yawa har yaron ya gane da kansa cewa ya miƙe da yawa, ko ya haɗe ƙafafu. Maganar ba ta wuce “sauko”, “buɗe ƙafa”, “kar ka yi gaggawa”. Koyarwa ce mai kyau, domin jiki ne ke haddacewa, kuma yaron da ya tashi da haywa da ɗaukar damin hatsi ya riga ya san nauyi.

Aibinta yana wajen rabon yabo. Idan gwani ya yi kaye, ba a cewa ya ji lokacin da abokin karawarsa ya saki numfashi. Cewa ake layarsa ta fi, ko malaminsa ya yi aiki. Ba na musun cewa guru da kambu suna kwantar wa mai su zuciya, kwanciyar zuciya kuma rabin nasara ce. Amma yaron da ya yarda asirin yana cikin fata, kuɗi zai nema, ba atisaye ba. Tun 1975 da aka fara gasar kokowa ta Takobi a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara, jihohin Nijar suke aika gwanayensu, har filin kokowar Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu. Labarin wanda Kantu ya kayar yana bakin kowa. Yadda yake dasa ƙafarsa fa, wa ya adana?

Tsofaffin 'yan kokowa suna nan a karkarar Tasawa, wasu gwiwa ta hana su noma. Malaman wasanni na makarantu su je su zauna da su, su tambaye su abin da suke ji a jiki kafin kaye, su rubuta shi da Hausa.