Dauda da Uriya: Yadda Ake Wa'azi da Laifin Manya

Akwai tsohuwar al'adar wa'azi da ake ji a majami'un ECWA da COCIN da EYN a arewacin Nijeriya, kamar yadda ake jinta a duk inda ake karanta Littafi Mai Tsarki. Fasto zai ɗauko wani babba daga cikin nassi, ya baje laifinsa a gaban jama'a, sannan ya ciro darasi: Yakubu da ya yaudari mahaifinsa makaho ya ƙwace albarkar Isuwa, Bitrus da ya yi musun Yesu har sau uku, Shawulu da ya yi tsaron tufafin waɗanda suka jejjefi Istifanas. Al'adar tana da tushe mai ƙarfi, amma a ganina ingancinta ya rataya ne a kan abu guda: ko mai wa'azi ya tuna da wanda aka zalunta. In ya share shi, wa'azin ya zama garkuwar masu iko.

Labarin Sarki Dauda a 2 Sama'ila sura 11 da 12 ne ma'auni mafi kyau. Marubucin bai yi gaggawar wuce Uriya Bahitte ba. Ya nuna mana soja da aka kira daga fagen yaƙin Rabba domin a rufa asirin cikin da Dauda ya yi wa matarsa Bat-sheba, amma ya ƙi shiga gidansa, ya kwana a ƙofar fada tare da bayin sarki, don 'yan'uwansa sojoji suna kwana a fili. Sarki ya ba shi giya har ya bugu, duk da haka bai tafi gida ba. Daga ƙarshe aka damƙa masa wasiƙa ya kai wa Yowab, shugaban sojoji, da hannunsa, bai san umarnin kashe shi ke ciki ba. Da Annabi Natan ya zo, bai fara da zancen gafara ba. Ya kawo kukan wani talaka da attajiri ya yanka wa 'yar tunkiyarsa tilo, ya bar Dauda ya yanke hukunci da bakinsa kafin ya gane cewa kansa ya yanke wa. An gafarta masa, amma jaririn ya rasu, ɗansa Amnon ya ci zarafin 'yarsa Tamar, wani ɗan nasa Absalom ya kashe Amnon ya kuma yi wa ubansa tawaye.

Tarihin ikkilisiya ya nuna hanya biyu ta amfani da wannan labari. A shekarar 390, bayan sojojin Sarki Tiyodosiyus sun kashe dubban mutane a Tasalonika, Ambrosiyus bishop na Milan ya rubuta masa wasiƙa yana tuna masa da tuban Dauda, ya kuma hana shi Jibin Ubangiji sai ya tuba a bainar jama'a. A nan labarin ya yi aikin da Natan ya yi: ya tsaya wa matattu a gaban mai mulki. Amma Agustin na Hippo, wanda Ambrosiyus ne ya yi masa baftisma, ya bi wata hanya a martaninsa ga Faustus Bamanike, mai sukar halin magabata. Ya amince cewa Dauda ya yi babban zunubi, sai kuma ya karanta labarin a matsayin alama, Dauda yana wakiltar Almasihu, Bat-sheba ikkilisiya, Uriya kuwa Iblis. Duk girman Agustin, wannan karatu ya cuci mutumin da ya fi kowa gaskiya a cikin surar.

Ana yi wa al'adar suka daga ɓangare biyu. Maƙwabci Musulmi, wanda aƙidarsa ta ce annabawa ma'asumai ne, yana jin nauyin a danganta irin wannan aiki ga Annabi Dauda, kuma wannan saɓani ne na aƙida da wa'azi ba zai kawar ba. Abin da Kirista zai iya cewa shi ne manufar ba cin mutunci ba ce. A fahimtarsa Almasihu kaɗai ne marar zunubi, saboda haka faɗuwar sauran tana nuna cewa ceto alheri ne, ba ladan cancanta ba. Suka ta biyu daga cikin gida take, kuma ta fi cizo: wai irin wannan wa'azi yana ba mutane lasisin ɓarna. Kowa ya san shugaban da asirinsa ya tonu, washegari magoya bayansa suka ce ai Dauda ma ya faɗi. Sukar tana da gaskiya, sai dai laifin na gajeren karatu ne. Wanda ya tsallake daga rufin fada, inda Dauda ya hango Bat-sheba, zuwa addu'ar tubansa a Zabura 51 bai bi ta gaban Natan ba.

Wani zai ce yawan ambaton wanda aka zalunta yana rage darajar gafara, tunda Allah ya riga ya yafe. Ai ma 1 Tarihi sura 20 ta ba da labarin yaƙin Rabba ba tare da ta ambaci Bat-sheba ba. Haka ne, amma Sabon Alkawari bai bi wannan shiru ba. Matiyu, a jerin kakannin Yesu, da ya iso kan mahaifiyar Sulemanu bai kira ta da sunanta ba, ya danganta ta ga Uriya, ya sa sunan wanda aka kashe a shafin farko na Bishararsa. Hukuncin da Dauda ya yanke wa attajirin shi ne ya biya ninki huɗu, kuma adadin da Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayarwa ke nan a Luka sura 19, kafin Yesu ya shaida cewa ceto ya shigo gidansa. Don haka majami'ar da za ta mai da dattijo ko fasto kan kujerarsa da hujjar Dauda, wajibi ne ta fara tambayar abin da aka mayar wa gwauruwa ko yarinya ko ma'aikacin da ya cuta, da kuma ko an ji ta bakinsu kafin a zauna taron dattawa.