Kalmar «ménage» a bakin mai ƙidaya: misalin Tebaram

Sau huɗu aka yi ƙidayar jama'a a Nijar tsakanin 1977 da 2012, wato a 1977, 1988, 2001 da 2012. Da Faransanci ake shirya takardar tambayoyi, kuma ginshiƙinta shi ne kalmar «ménage»: mutanen da ke kwana wuri ɗaya, suna cin tukunya ɗaya, suna bin shugaba ɗaya. Ra'ayinmu shi ne, babu kalmar Hausa guda da ta ɗauki wannan ma'ana.

Mu ɗauki Tebaram, cikin jihar Tawa, inda Hausawa da Filani da masu jin Tamajak ke zaune tare. In mai ƙidaya ya ce «gida», za a lissafa masa tsoho da 'ya'yansa masu aure da jikoki, alhali tukwane uku ne. In ya ce «iyali», sai magidanci ya ambaci mata da 'ya'ya, ya bar ƙanensa da ke noma gandu tare da shi. Claude Raynaut ya daɗe da nuna, a ƙasar Maraɗi, cewa gandu daban, gamana daban. A Tamajak kuwa «ehan», wato tanti, na mace ne. Wane ne shugabansa ke nan? Fillanci ma ya raba «suudu» da «wuro».

Maganin da aka saba kawowa shi ne fassarar komawa, wadda Richard Brislin ya bayyana a 1970: a juya tambaya zuwa Hausa, wani dabam ya maido ta Faransanci, a gwada. To amma «ménage» ya zama «gida», «gida» ya koma «ménage», sai a ce an dace. Masu fassara biyu ne suka yarda da juna; ba a ji daga bakin manomi ba.

Ga kuma ci-rani. Samarin Adar kan tafi Abijan ko Nijeriya bayan kaka. Takarda na cire wanda ya wuce wata shida, amma mahaifinsa ba ya cire shi, tun da kuɗinsa ke sayen hatsi.

Lamarin ya wuce gardamar kalmomi. In yunwa ta zo, kamar ta 2005, bisa yawan «ménages» ake raba taimako. Tukwane uku da aka rubuta ɗaya, rabon ɗaya za su samu.

Saboda haka muna ba da shawara a bar neman kalma guda. A warware tambayar: wa ke ci daga wannan rumbu? wa ya kwana nan jiya? wa ke aiko kuɗi? A gwada su cikin harsunan uku a ƙauye, kafin a kai ma'aikatar ɗab'i.