Zurfin Rawar Sauti: Akwatin Jita a Hannun Mai Gyaran Rediyo

Makaɗin Hausa bai saba sayen kayan kiɗansa a kwali ba. Kuntigin da marigayi Ɗanmaraya Jos ya riƙe har rasuwarsa a 2015, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, aka sa masa sanda da tsirkiya ɗaya. Mai garaya da mai gurmi su ma ko dai su haɗa da hannunsu, ko su tsaya a kan mai haɗawa har sai amon ya kwanta musu. Zuwan jita bai kashe wannan al'ada ba. Mdou Moctar, Ba'abzinen nan na jihar Tawa a Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya naɗi kundinsa Anar a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya tun kafin Turawa su san da shi.

Sai dai jitar lantarki ba ita kaɗai take tafiya ba. Tsakaninta da amfilifaya akan sa ƙananan akwatuna da makaɗi ke takawa da ƙafa, kuma a cikinsu akwai ɗaya da ake kira tiremolo. Aikinsa shi ne ya riƙa ɗaga ƙarfin sauti yana saukewa, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Ya bambanta da abin da mai kalangu ke yi idan ya matse igiyoyi a hammata, domin shi murya yake sauyawa, ta hau ta sauka. Tiremolo ba ya taɓa murya, ƙara kawai yake wasa da ita.

Kamfanin DeArmond na Amurka ne ya fara sayar da irin wannan akwati a shekarun 1940, da ɗan injin da ke girgiza wani ruwa a cikin gwangwani. A 1955 kamfanin Fender ya sa tiremolo a cikin amfilifayarsa mai suna Tremolux, shekarar da makaɗi Bo Diddley ya fito da kiɗan da ya sa duniya ta san amon tiremolo. A 1968 mujallar Electronics Australia ta buga wani zane mai sauƙi, wanda har yau masu haɗawa a gida ke kwaikwaya.

Abin murɗawa biyu ne a jikin akwatin tiremolo, na sauri da na zurfi. Na sauri bai cika ba da wahala ba. Zurfi, wato yadda ƙarar za ta nutse kafin ta dawo, nan ne akwatin gida ke yawan kunyata mai shi. Ka murɗa rabi ba ka ji komai ba, ka ƙara kaɗan sai sautin ya koma yankewa yana dawowa.

Dalilin yana cikin akwatin. A irin wanda ya fi sauƙin haɗawa, akwai ɗan ƙwan LED da ke haske yana disashewa, an manna shi da wani rizisto mai jin haske, aka naɗe su cikin baƙin tef. Idan an jera riziston a kan hanyar sauti, haske na buɗe hanya, duhu na toshewa. To jan ƙwan ba ya kamawa sai wuta ta kusa bolt 2, saboda haka duk murɗin da ke ƙasa da nan a banza yake. Ga kuma bolum ɗin, wato abin murɗawar da aka sa wa zurfi. Akwai mai alamar A, wanda aka yi don ƙarar rediyo, yana tafiya a hankali sannan ya zabura a ƙarshe. Akwai mai alamar B mai tafiya daidai wa daida. Wanda ya ciro na tsohuwar rediyo ya dasa bai duba ba, ya tara duk zurfin a lungu ɗaya.

Gyaran bai fi ƙarfin mai ƙarfen narka dalma ba. A gwada ɗayan bolum ɗin. A ƙara ɗan ƙaramin rizisto mai saitawa da sukundireba, a juya shi har ƙwan ya zauna da ɗan haske ko da zurfi na ƙasa. A gicciya wani riziston a kan mai jin hasken, don ko duhu ya yi, sauti ya sami ta wucewa. Sannan a tuna cewa riziston nan yana saurin amsa haske amma yana nawa wajen komawa duhu, shi ya sa zurfi ke raguwa idan an ƙara sauri. Kuma duk lokacin da zurfi ya ƙaru, kunne yakan ji ƙarar gaba ɗaya ta ragu, sai an ɗan ƙara ƙarfi a mafita. Idan ana jin ƙas-ƙas a lasifika, a sa kafasito babba a bakin wuta, a raba wayar ƙasa ta sauti da ta ƙwan. Batir ma yana da hannu, domin saitin da aka yi da sabon batir mai bolt 9 yakan kauce idan ya fara sanyi.

A ganina, duk wannan lissafi ba ya yanke hukunci sai an haɗa da kunnen makaɗi. Bature kan bugi tsirkiyoyi ya bar su suna amo, sai tiremolo mai zurfi ya cika masa wurin. Kiɗanmu kuwa, ko na garaya ne aka mayar kan jita ko salon Agadas, bugu ne a jere, yatsa ba ya hutawa, ga kalangu da tafi a baya. Zurfi mai yawa zai haɗiye wasu bugun, ya kuma yi karo da ganga. Abin da ya dace da mu shi ne ƙasan ma'aunin, daga shiru zuwa ɗan kaɗawa, a shimfiɗa shi ya cinye yawancin murɗin. Zanen da aka kwafo daga intanet ba don wannan aka yi shi ba.

A Janfalan da sauran garuruwan Ikara, Maƙarfi da Kudan, jita ba ta yi yawa ba, fiyano da kiɗan situdiyo sun mamaye biki. Amma masu gyaran rediyo da amfilifayar masallaci suna nan a kasuwanni, kayan aikin kuma ana samunsu a Sabon Garin Zariya. Matashin da ya koyi jita ba ya buƙatar jiran akwati daga Legas. Ya ɗauki jitarsa ya je rumfar mai gyara, ya ce, "Oga, ni zan kaɗa, kai ka juya," kuma kada ya yarda a ɗaure murfin sai ya kaɗa irin kiɗan da zai yi a gaban jama'a.