Jinjina ga Masu Karɓar Baƙi a Otal

Albashinsu bai taka kara ya karya ba, amma su ne ke fara ganin abin da ɗan sanda ba zai gani ba sai an makara. Mutum ya shigo da tsakar dare riƙe da yarinya ƙarama, kanta a sunkuye, ko jaka babu. Ma'aikaciya ta riƙe makulli a hannunta, ta ce, "Ranka ya daɗe, katin shaida. Wannan 'yarka ce?" In amsa ta yi rawa, ba ɗaki, sai a kira manaja.

Wannan tambaya tana jawo musu zagi, wani lokaci har barazanar kora, domin baƙo mai kuɗi ba ya son a tuhume shi. Duk da haka doka tana bayansu. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma a shekarar aka kafa NAPTIP domin yaƙi da safarar mutane.

Masu otal, ku horar da su, ku tsaya musu ranar da suka hana ɗaki. Mu kuma iyaye, in an tambaye mu, mu amsa da sakin fuska.