Aibin Tambayar Farko Cikin Binciken Addinan Karkara

Ɗaliban da a kan aika ƙauyukan Kano da Katsina domin binciken addinan mutanen karkara sun saba riƙe takardar tambayoyi mai gida uku, watau Musulmi, Kirista, Arne. Aikin yana da amfani ƙwarai, amma takardar tana da aibi tun daga tambayarta ta fari: "Mene ne addininka?"

Kalmar addini daga Larabci ta ke, kuma a bakin talaka ma'anarta ibada mai littafi da salla. In an tambayi Bamaguje haka, ko dai ya ce ba shi da addini, ko kuwa ya ce ai shi ma ya san Allah. Duka biyun gaskiya ya faɗa, ga shi kuwa takardar ba ta da gidan ko ɗaya. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya nuna a littafinsa na 1946 cewa sun yarda Allah ne sama da kome, amma iskoki su ke yi wa yanka. Har wa yau, sunan Allah ba ya rarrabe jama'a, domin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932 da shi ya yi aiki.

Kalmar Arne kuwa zagi ce a kunnen mutane da yawa, mai amsa ba zai ɗora wa kansa ita ba. Sabo da haka lissafin da ɗalibi zai kawo ya karkace, malaman makaranta kuma su koyar da shi kamar gaskiya.

Littafin Greenberg ma sai a yi hattara da shi. Hoton zamaninsa ne, tun daga lokacin kuwa Maguzawa da yawa sun musulunta, waɗansu sun shiga Kiristanci.

Abin da ya kamata shi ne a tambayi aiki maimakon suna. Wa a ke yi wa yanka kafin shuka? Da me a ke rantsuwa? Yaya a ke raɗa wa jariri suna, yaya a ke binne mamaci? A rubuta amsa da kalmomin mai maganar, kada a juya su zuwa Turanci sai an tantance ma'anarsu a wannan ƙauye. Wajibi ne malaman kwalejojin horon malamai su koya wa ɗalibansu wannan kafin su sake su cikin karkara.